Ka fito daga motar haɗari da ƙafarka? Kada ka yi saurin cewa "ba komai"

Duk ranar Talata, hanyar da ta taso daga Gusau ta ratsa Bunguɗu da Maru ta shiga Talata Mafara, sannan ta miƙe ta Lambar Bakura da Tureta zuwa Sakkwato, cike take maƙil. Golf ce da fasinja biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, but ɗinta a buɗe an ɗaure buhunan shinkafa da igiya. 'Yan kabu-kabu ne daga Tsibiri da sauran ƙauyukan Maradun, kowanne da goyon mutum biyu da akuya. Ga tireloli da tankokin mai a tsakani. A manyan birane kamar Abuja da Kano mutum kan kira mota ta manhajar Bolt ko inDrive, a nan kuwa tasha ake zuwa ko a tsaya bakin titi a ɗaga hannu. Amma matsayin fasinja ɗaya ne: ya ba da kuɗinsa, ya miƙa ransa ga tuƙin wani, a cikin motar da bai san lafiyar birkinta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙirga sama da mutum 5,000 da suka rasu a 2023, haka ma a 2024, waɗanda suka ji rauni kuma sun haura 30,000 a kowace shekarar. Wannan fa waɗanda aka rubuta ke nan. Wanda ya faɗi daga babur tsakanin Bakura da ƙauyensu, aka kai shi gida, ya cika bayan kwana biyu, babu littafin da ya shiga.

Irin wannan mutumin ne ya sa na yi wannan rubutu. Wanda jini ke malala a jikinsa kowa na ganinsa, ana rububin taimaka masa. Wanda ya fito ya karkaɗe riga, ya ce "alhamdu lillahi, ni ba abin da ya same ni", shi ne ake mantawa da shi, shi ma ya manta da kansa.

Karo uku ake yi, ba ɗaya ba

Idan mota ta bugi wani abu, masu binciken haɗari sukan ce karo uku aka yi a cikin ƙiftawar ido. Na farko, mota ta bugi bishiya ko tirela ta tsaya. Na biyu, jikinka, wanda bai san an tsaya ba, ya ci gaba da gudun da motar take yi har sai ya bugi gilashi, ko bayan kujera, ko fasinjan da ke gabanka. Na uku shi ne wanda ba a gani: ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai daga ciki, hanta da saifa su fizgu daga inda suke rataye, huhu ya matsu da haƙarƙari.

Ƙarfin wannan bugu ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. In aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin ya ninku sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta tsaya cak a jikin abu mai tauri, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato bene mai hawa uku. A kilomita 100, tsayin ya zama mita 39. A kilomita 110, wanda direbobin wannan hanya ba sa ɗauka a bakin komai, lissafin ya kai kusan mita 48, tsayin madatsar ruwan Bakolori ke nan a inda ta fi tsawo. Gaskiya ne ƙarfen mota yana lanƙwashewa ya shanye wani kaso, bel ɗin kujera ma yana ragewa, har yakan rage haɗarin mutuwar na gaba da kusan rabi. To amma wanda aka cusa na biyu a kujerar gaba, rabin jikinsa a kan giya, wane bel zai ɗaura?

Saboda haka abin da ya kamata ka fara tambayar kanka shi ne yadda haɗarin ya kasance, kafin ka tambayi yadda kake ji. Motar ta yi ƙundumbala? An yi jifa da kai waje? Wani ya rasu a cikin motar da kake? Gefen da kake zaune ya lotsa ciki? In amsar ɗaya daga cikin waɗannan "e" ce, likitocin gaggawa suna ɗaukarka a matsayin mai mummunan rauni har sai bincike ya nuna akasin haka, ko da kana tsaye kana ba mutane labari.

Yadda jiki ke yi maka ƙarya

A lokacin firgita, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda suna tuttulo sinadarin adirinalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, sukari ya cika jini, ƙwaƙwalwa kuma ta saki nata sinadaran masu dusashe zafi. An halicci wannan tsari ne don mutum ya iya tserewa daga abin da ke bin sa ko da yana da rauni. Shi ya sa za ka ga mai karaya a hannu yana ciro wasu daga mota, sai bayan awa ɗaya ya fara ihu. Rashin jin ciwo a mintunan farko ba shaidar lafiya ba ne, aikin sinadari ne, kuma yana gushewa.

Yaudara ta biyu ta jini ce. Babban mutum yana da jini kimanin lita biyar. Zai iya rasa kashi 15 cikin ɗari, wato wajen jarkar ruwa ɗaya da rabi ta ƙaramar roba, ba tare da wata alama ba. Daga nan jiki ya fara dabara: ya tsuke jijiyoyin fata da na hanji, ya tura abin da ya rage zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Da wannan dabara, awon hawan jini zai iya nuna daidai har sai an rasa kusan kashi 30, lita ɗaya da rabi ke nan. Matasa masu ƙarfi da yara su suka fi iya wannan riƙo, kuma su ne ke faɗuwa lokaci guda idan riƙon ya ƙare. Don haka in an tsaya a kemis aka gwada ka aka ce "jininka lafiya lau", wannan bai wanke ka ba.

Ina jinin yake tafiya tunda ba a gan shi a ƙasa ba? Ƙashin cinya ɗaya in ya karye, zai iya zubar da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin naman cinyar. Ƙashin ƙugu ya fi haka. Ciki da ƙirji kuwa kamar randa suke, suna iya ɗaukar jinin da zai kashe mutum ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Saifa, wadda ke ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, tana da saurin fashewa, musamman a wurare irin namu da yawan zazzaɓin cizon sauro ke sa ta kumbura. Wani lokacin ma ba nan take take fashewa ba, jinin yakan taru a ƙarƙashin fatarta ya yi kwanaki kafin ya ɓalle.

Alamomin da za ka kula da su, a kanka ko a kan maƙwabcinka na kujera: bugun zuciya mai sauri da ya wuce 100 a minti alhali an zauna an huta, gumi mai sanyi, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, jiri idan an miƙe, numfashi sama-sama, ƙishirwa mai tsanani, da rashin natsuwa. Danna farce har ya yi fari ka saki. In ya wuce daƙiƙa biyu bai dawo ja ba, jini ba ya isa. Akwai kuma wata alama mai ban mamaki, ciwo a kan kafaɗar hagu alhali ba a bugu a nan ba. Jinin saifa ne ke taɓa tantanin da ya raba ciki da ƙirji, jijiyar wurin kuma daga wuya ta taso, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka kafaɗa ce ke ciwo.

Ta uku ita ce ta kai, kuma ita ta fi ba ni tsoro. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini da ta bi ta ƙarƙashinsa. In ta tsage, mutum kan suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya yi magana daidai, har ya ci abinci. Jini kuwa yana ta taruwa a cikin ƙoƙon da ba ya buɗewa. Bayan wasu awanni sai ciwon kai, amai, barci mai nauyi, shi ke nan. Haka ta faru da 'yar wasan kwaikwayon Ingila Natasha Richardson a 2009: ta faɗi a wurin wasan zamiya kan ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana cewa lafiyarta ƙalau, ta sallami masu agaji, bayan kwana biyu ta rasu. Ga kuɗi, ga asibitoci, amma awannin da aka ɓata ba su dawo ba. Abin takaicin shi ne irin wannan jini, in an cire shi da wuri, mutane da yawa suna warkewa sarai.

Mintunan farko a bakin titi

Kafin ka motsa, tsaya ka saurari jikinka. Motsa 'yan yatsun ƙafa da na hannu. Wuya ko tsakiyar baya na ciwo? Akwai inda ya mutu, ko kake jin kamar ana tsira maka allura? In akwai, zauna yadda kake, ka faɗa wa masu zuwa taimako da babbar murya kada su ja ka. Laka, wadda ke ɗauke da saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, a cikin ƙashin baya take, kuma ƙashin zai iya karyewa ita ba ta tsinke ba. Fizgar da masu kyakkyawar niyya ke yi, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, ita ke iya ƙarasa ta. Laka kuwa in ta tsinke, har yau babu asibitin da ke ɗinke ta.

Abin da zai sa a fitar da mutum ko ta halin ƙaƙa shi ne wuta, warin fetur, ko mota ta faɗa ruwa. Motocin ƙauye da yawa suna ɗauke da jarkokin mai a but. Idan kuma tanka ce ta faɗi, a yi nisa sosai, a hana yara zuwa da bokiti. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka ƙone, ya isa darasi.

Wanda zai iya tafiya ya sauka daga kan kwalta gaba ɗaya. Ganyen da ake zubawa a titi don gargaɗi dabara ce mai kyau, sai dai ana zuba shi kusa da yawa. Mota mai gudun kilomita 100 tana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya, tirela mai kaya kuwa tana buƙatar fili mai tsawo kafin ta tsaya. A kai ganyen taku 100 ko fiye, ta ɓangarorin biyu, musamman in kwana ce ko dare.

Jinin da ke fita waje, maganinsa dannawa. Rawani, mayafi, ɗankwali, duk wanda ya fi tsabta, a ninke a danna da ƙarfi na minti goma ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. In hannu ne ko ƙafa, jinin kuma yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi kamar yatsa uku sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a zura sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaure, kada kuma a kwance sai a asibiti. Ƙasa, toka, baƙin mai, man birki, fetur, babu wanda ke tsayar da jini a cikinsu, ƙwayoyin cuta kawai suke shigarwa su ƙone nama. In ƙarfe ko gilashi ya soke ya tsaya a jiki, a bar shi, shi ke toshe ramin.

Sai maganar ruwa. Mu Hausawa da zarar mutum ya faɗi, ruwa muke nema, a kwara masa a kuma ɗura masa. Dukansu biyun suna da illa a nan. Jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa da kyau, don haka mai zubar jini lulluɓa yake buƙata ko da ana rana. Shan ruwa kuma, ko da yana roƙo, zai iya komawa huhu in ya suma ko in za a sa shi barci don tiyata. A jiƙa masa leɓe kawai. Wanda ya suma amma yana numfashi, in ana jin ƙarar amai ko jini a maƙogwaronsa, a juya shi kan gefensa gaba ɗaya kamar gungume, mutum ɗaya yana riƙe da kai daidai da jiki.

Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112, duka kyauta. A kira, amma kowa ya san yadda sabis yake a ƙauyukan yankin nan, kuma ba a manta da 2021 ba lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya. Mafi yawan lokuta motar da ta fara tsayawa ita ce motar asibitin. In haka ne, a nemi a-kori-kura ko wata motar da mutum zai kwanta a miƙe, a ɗora shi kan katako ko ƙyauren ƙofa, a tallafe kai da tufafi ta gefe biyu. Mai ciwon wuya ko baya ba a goya shi a babur. Wani abu mai sauƙi da matafiyi zai yi tun daga gida: ya rubuta sunansa da lambar ɗan'uwansa a takarda ya sa a aljihu, domin wayar da ke kulle da zanen yatsa ba ta amfanar kowa idan mai ita ya suma.

Wane asibiti, kuma cikin awa nawa

Wani likitan tiyata na Baltimore a Amurka, R Adams Cowley, shi ya yaɗa ra'ayin cewa awa ta farko bayan rauni ita ce mafi tsada. Ba wai a minti na 61 ake mutuwa ba, manufar ita ce kowane jinkiri yana da farashi. Akwai ma inda aka auna farashin. A 2010 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji mai suna CRASH-2, da ya haɗa majinyata sama da 20,000 a ƙasashe 40, har da asibitocin Najeriya. An gwada wata allura mai araha, tiranekzamik asid, wadda ke hana daskararren jini narkewa. Waɗanda aka yi wa a cikin awa ta farko, mutuwa ta zubar jini ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsakanin awa ɗaya zuwa uku ma ta yi amfani. Bayan awa uku kuwa ba ta taimaka ba, har akwai alamar tana cutarwa. Ungozomomi sun san allurar, ita ake yi wa mai jego da jini ya ɓalle mata. Wanda ya ce bari ya je gida ya huta zuwa la'asar ya gani, wannan ƙofar ta rufe masa.

Fara da babban asibiti mafi kusa, na Talata Mafara, Bakura ko Maradun, inda za a iya tsayar da jini, a sa ruwa, a ɗaure karaya. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Ku karɓi takardar turawa a hannu. Ku kuma taho da 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini, don sau da yawa a nan ake ɓata lokaci.

Tsoron "sai an kawo takardar 'yan sanda" yana hana mutane da yawa ɗaukar mai rauni. Doka ba ta ce haka ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa saboda kowane dalili, hukuncin kuma tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ma ta sa tarar naira 50,000 ga asibitin da ya ƙi karɓar wanda ya yi haɗari.

Ka faɗa wa likita komai: inda ka zauna, ko ka suma, ko akwai abin da ka kasa tunawa, magungunan da kake sha. In fata ta yage, ka tambayi allurar tetanus, ciwon nan mai sandarar da haɓa. Mai ciki kuwa, ko da ko ƙwarzane babu a jikinta, dole a duba ta, domin mabiyiya tana iya ɓallewa daga jikin mahaifa jinin ya tsaya a ciki.

In an sallame ka, kwana biyun farko kada ka kwana kai kaɗai. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai fiye da sau ɗaya, ruɗewa, barcin da ake shan wuyar tashinka, gani biyu-biyu, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, jini a fitsari, ciki ya kumbura ya yi tauri, numfashi ya yi wuya: kowanne ɗaya daga ciki, a koma asibiti a daren. Maganin ciwo kuma farasitamol ya isa. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna rage ƙarfin daskarewar jini, tramadol kuma yana kawo barci ya ɓoye alamomin da ake son gani.

Kan masu ɗori, ba zan ce ba su iya komai ba. Karaya da yawa masu sauƙi sun haɗe a hannunsu, kuma sun fi kusa, sun fi araha. Amma karayar haɗarin mota daban take da ta faɗowa daga jaki. Naman da ke kewaye da ƙashin yana kumbura sosai, in aka ɗaure shi tamau da karare, jini ya daina shiga, cikin kamar awa shida naman ya fara mutuwa. Ƙarshenta yanke ƙafa, abin da likitocin ƙashi na Dala a Kano da na Wamakko a Sakkwato suka saba gani. Ƙashin da ya huda fata, karayar cinya ko ƙugu, karayar da ta shiga gaɓa, da duk wadda yatsu suka yi sanyi ko suka mutu, waɗannan na asibiti ne. Ko mene ne za a yi daga baya, a fara ɗaukar hoton ƙashi.

Wa zai biya?

A nan ne yawancinmu muke yin sakaci, don da zarar an ce ƙaddara ce, sai a ga neman haƙƙi kamar rashin tawakkali ne ko cin zarafin direba talaka. Ni a ganina an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Yafe wa direba alheri ne, kuma haƙƙinka ne ka yafe. Amma kuɗin inshora ba daga aljihun direba yake fita ba, kamfani ne ya karɓi kuɗi tun farko don irin wannan rana. In ka yafe wannan, kamfanin ka yi wa kyauta. A fiƙihu ma raunin kuskure yana da diyyarsa, ga kuma kamfanonin takaful irin su Jaiz da Noor ga mai shakkar inshorar da aka saba.

Tun 1945 doka ta wajabta wa kowace mota a Najeriya inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna, wadda direbobi ke kira tad-fati, kuma sabuwar dokar inshora ta 2025 ta ci gaba da wajabta ta. Daga Janairun 2023 kuɗinta ya koma naira 15,000 a shekara ga motar gida, 5,000 ga Keke Napep, 3,000 ga babur, 'yan sanda kuma suka fara tsananta bincikenta a Fabrairun 2025. Matsala biyu ce. Takardun bogi sun yi yawa. Ana iya duba ta gaske ta hanyar danna *565*11# a sa lambar motar. Sannan motar da aka yi wa inshora a matsayin ta gida alhali haya take yi, kamfani zai iya cewa ba ruwansa da fasinja.

Duk da haka, ba a neman komai sai da shaida, shaida kuma a ranar ake tara ta. In ba ka iya ba, ka sa wani ya ɗauki hoton lambar motar da ta ɗaya motar, da wurin, da raunin. A karɓi sunan direba, sunan mai motar in ba shi ba ne, da lambobin fasinja biyu ko uku. A tabbata an kai rahoto ga 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra. A ajiye kowane rasit, har na auduga, a kuma nemi rahoton likita a rubuce.

Wanda ya hau mota ta manhaja yana da sauƙi a nan, don sunan direba, lambar mota, lokaci da hanyar duk suna cikin wayarsa. Ya ɗauki hotonsu, ya kai rahoto ta cikin manhajar, ya tambayi inshorar tafiyar. Sai dai in ya yarda direba ya kashe manhajar suka yi ciniki a baki don ragin ɗari biyar, ya fita daga wannan kariya. A wajenmu abin da ya yi kama da haka shi ne takardar sunayen fasinja da ake cikewa a tasha. Ka rubuta sunanka na gaskiya da lambar da za a samu wani naka. Motar tasha tana da reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW da ya san mai ita. Motar da ka tare a bakin hanya don ta fi araha, in direban ya gudu, ba ka da wanda za ka tambaya.

In an zo sulhu, kuma yawanci da dattawa da shugabannin tasha ake yinsa, kada ka sa hannu a kan "an gama" a makon farko. Wasu raunukan sai an yi makonni ake sanin girmansu, ƙafar da aka zata wata ɗaya za ta yi tana iya cinye damina guda, manomi kuma ya san abin da wannan ke nufi. A rubuta cewa za a ɗauki nauyin magani har likita ya sallama, a sa shaidu. In an ƙi, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa tana taimaka wa marasa hali kyauta, kuma shigar da ƙara yana da wa'adi, don haka ba a jinkirta shi shekaru.

Akwai raunin da hoto ba ya nunawa. Mafarkin haɗarin, faɗuwar gaba in an ji ƙarar birki, kasa shiga mota, saurin fushi. A makonnin farko wannan ba baƙon abu ba ne, yawanci yana lafawa da kansa. In ya wuce wata ɗaya yana hana barci ko fita nema, ciwo ne da likitoci suka sani, ana kuma maganinsa da zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokacin da magani. Ana iya farawa daga likitan babban asibiti, shi zai tura Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware in akwai buƙata.